Sallamar da Ke Zuwa Bayan La'asar

Aikin da nake yi a shekarun nan ba shi da suna a gidanmu. In maƙwabta suka tambayi Inna, sai ta ce, "Karatu taka yi ga kwamfuta," ta ci gaba da aikinta. Gaskiyarta ce kuwa. Karatu nake yi, karatun abin da ba wanda ke son karantawa, wato jagorar amfani da manhaja, 'yar'uwar takardar nan da ake tararwa cikin kwalin sabuwar fanka a jefar ba a buɗe ba.

Akwai wani tsarin ajiye bayanai da ake kira bulokcen. Duk abin da aka rubuta a kansa ya zauna ke nan, ba mai gogewa, har wanda ya rubuta. Kamfanoni na ƙera kayan aikin kula da shi. A da mutum ke riƙe da su, yanzu kuwa ana damƙa su ga na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta yi aikin a madadin mutum. Ita na'ura ba ta leƙa maƙwabta ta yi tambaya. Abin da jagora ta ce shi take bi, inda jagora ta yi shiru kuma sai ta ci gaba da abin da aka sa ta na ƙarshe. To mu aikinmu shi ne mu karanta jagorar, mu miƙa wa na'ura, mu zuba ido mu ga inda za ta yi tuntuɓe, sannan mu ba da maki.

Yayana ne ya koya mini. Shi yana zaune a Kalgo da matarsa, yana noman shinkafa a fadama, ni ina Gwandu tare da Inna, da safe ina koyarwa a firamare. Halinmu ya bambanta ƙwarai. Ni in na ci karo da jagorar da aka rubuta da ganganci raina ɓaci yake yi, in yi ta tsaki ni kaɗai. Shi kuwa dariya take ba shi. Yakan kira ni a waya ya ce, "Ke ba karatu kike ba, hwaɗa kike da takarda." In na ce ai sun cancanci faɗan, sai ya ce in bar su, da sun iya rubutu da mu ba mu da sana'a.

A damunar ƙarshe da ya yi a duniya an ba shi wani kayan aiki ya gwada na tsawon lokaci. Na'ura ce da za ta tsaya tana lura da wani ɓangare na bulokcen dare da rana, shi ya sa ya laƙaba mata Maigadi. Sharaɗin kayan shi ne kullum Maigadi zai tuntuɓi mai shi a waya ya tabbatar akwai mutum a bayansa. Saƙon da ya zo da kayan busasshe ne, na Turanci. Yaya ya ce shi ba a shigo masa gida ba sallama, ko da ƙarfe ne. Sai ya goge ya rubuta nasa: "Assalamu alaikum masu gida, an wuni lahiya?" Ya sa lokacin bayan la'asar, lokacin da ya dawo daga fadama ya yi wanka. Ni kuma ya sa ni a matsayin mai sa ido, ina ganin duk abin da Maigadi ya rubuta amma ba ni da ikon taɓa komai. Na ce masa wannan shirme ne, ya ce to in rubuta a rahotona.

Ana gab da yankan shinkafa zazzaɓi ya kama shi. Ba mu ɗauke shi da zafi ba, shi ma bai ɗauka ba. Kafin mu gama shirin zuwa dubiya sai ga kira cewa mu taho. Da safe aka kai shi makwancinsa. Na zauna zaman makoki a Kalgo, kaina a toshe, ko wayata ban san inda na ajiye ba. Da mutane suka watse na dawo da Inna Gwandu.

Na jima ban buɗe kwamfuta ba. Ranar da na buɗe, da hantsi ne, ina zaune ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidanmu inda sabis ya fi kamawa, awaki na ta ɓarnar dussa. Shafin Maigadi ne ya fara buɗewa don shi na bari a buɗe. Na ga layuka jere, kowace rana layi ɗaya: an tuntuɓi mai shi, mai shi ya amsa. Na gangara ƙasa ina jiran inda za su tsaya. Ba su tsaya ba. Ranar da aka binne shi da safe, da la'asar ya amsa. Washegari ya amsa. Jiya ma ya amsa.

Ni na san na'ura, da ita nake kwana nake tashi, kuma ba na cikin masu ganin fatalwa a kowane lungu. Amma tsigar jikina ta tashi har ƙeya. Rana tsaka, ga kukan injin niƙa daga bayan katanga, ni kuwa sanyi nake ji. Na rufe kwamfutar na je na zauna kusa da Inna tana tsintar shinkafa. Ta dube ni ta ce lafiya, na ce kaina ne ke ciwo.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Kalgo. Matar Yaya, Anti nake ce mata, ita kuma Malama take ce mini tun ana zolaya har ya bi ni. Na tarar da ita cikin takaba, ba kwalli ba lalle, ta rame har hijabin ya yi mata yawa. Wayar Yaya tana hannunta saboda har lokacin abokansa na nesa na kira su yi ta'aziyya. Muka yi hira sama-sama. Na lura tun da aka yi azahar ta daina saurarona sosai, idonta na kan inuwar katanga. Da muka idar da la'asar ba ta tashi daga kan tabarma ba. Ta ɗora wayar a cinya ta rufe ta da tafin hannu.

Wayar ta yi ƙara. Ta zabura kamar ba ita ke jira ba. Ta buɗe, na leƙa, ga sallamar Yaya da irin rubutunsa. Ta rubuta, "Wa alaikumus salam, lahiya lau," ta aika, ta kifa wayar.

Na ce, "Anti, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar da anka kai shi. Mata na cike da ɗaki, sai wayatai ta yi kuka. Na duba na ga sallamatai. Hannuna ya amsa kahin in yi tunani."

Na ce, "Kin san na'ura ce ko? Ba shi ba ne."

Ta ce, "Na sani, ya taɓa gwada min. Amma maganatai ce, Malama. Haka yaka cewa in ya shigo, da ƙahwahunai duk laka."

Sai ta gaya mini abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ba ta barci. Abinci ba ya wuce mata. Daga azahar tana tsoron saƙon ya zo, tana tsoron kada ya zo. In ya zo ta amsa, sai ta ji kamar akwai mutum tsaye a zaure yana jira a ce ya shigo. Har ta kai ba ta iya bi ta zauren da yamma, sai ta aiki maƙwabciya ta rufe ƙofa.

Ta kama hannuna ta ce, "Ki sa abin ga ya kwanta. Mutum na kabari sallamatai na yawo, ba daidai ba ne. Ina ji kamar bai huta ba."

Na ce ta ba ni wayar in toshe lambar, minti ɗaya an gama. Ta janye wayar ta ce a'a. In na toshe, ai yana can waje yana ta sallama ba mai ji, wannan ya fi muni. Ita so take ya daina da kansa, ba a rufe masa ƙofa ba. Ban yi mata gardama ba. Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta, karanta irin waɗannan takardu shi ne sana'ata, kafin mako ya zagayo na kashe shi.

Na koma Gwandu na buɗe jagorar. Kyakkyawa ce a ido, an tsara ta da hotuna da launi, irin wadda in kana sauri za ka zabga mata maki mai yawa. Akwai babi guda a kan yadda ake dakatar da Maigadi. Hanya ta farko, mai shi ya shiga da mabuɗinsa. Hanya ta biyu, mai shi ya shiga da mabuɗinsa daga wata na'ura. Mabuɗin kuwa wasu kalmomi ne na sirri, kuma ita dai wannan jagorar ce ta yi gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa kada a faɗa wa kowa, kada a rubuta a ko'ina. Yaya mutum ne mai bin doka. Ya tafi da su a kansa.

Na nemi kalmar mutuwa a duk jagorar, babu. Na nemi rashin lafiya, babu. Ko tafiya babu. Waɗanda suka rubuta ta sun ɗauka mai shi katanga ne, inda aka bar shi nan za a dawo a tarar da shi. Raina ya ɓaci sosai, har na tashi na zagaya tsakar gida ina magana ni kaɗai, Inna na kallona ta ƙasan ido.

Na rubuta wa masu kayan. Na bayyana musu komai a tsanake: mai shi ya rasu, iyalinsa na cikin damuwa, a nuna mini hanya. Ban ɗauke hannuna daga kan kwamfutar ba amsa ta shigo. Na'ura ce ita ma. Ta yi mini ta'aziyya cikin ladabi, ta ce in duba babin dakatarwa, ta manno mini shafin da nake ƙorafi a kansa. Na sake rubutawa, ta sake manno shi. A karo na gaba na zage ta da Hausa, zagin da ban taɓa yi wa mutum ba. Ta ce ta gode da ra'ayina.

Mako ya zagayo ban kashe komai ba. Kullum sabon layi na ƙaruwa, mai shi ya amsa. Ni ma abin ya fara shiga jikina. Da ladan ya kira la'asar sai in ga Anti a raina tana zaune kan tabarma da waya a cinya. Wata rana ina alwala na ji kamar an yi gyaran murya a ƙofar gida, irin wanda Yaya ke yi. Na fita da ruwa a fuska, ba kowa sai akuya tana soshe-soshe da ƙyaure. Ba na kiran Anti saboda kunya, ita ma ba ta kira ta tambaye ni ba, wannan ya fi damuna.

Sai na koma ga abin da Yaya ya koya mini tun farko: in takarda ta yi shiru, ka daina tambayarta, ka kafa abin ka zauna ka kalla. Na kafa nawa Maigadin a filin gwaji inda ba a ɓata komai. Na rage tazarar tuntuɓar daga kwana guda zuwa 'yan mintuna. Wajen kafawa akwai wasu akwatunan cikewa a shafin da ba a yi bayaninsu ko'ina ba, ɗaya na son lamba, na sa abin da ya zo mini. Maigadina ya tuntuɓe ni, na amsa, ya rubuta. Na aika masa harafi ɗaya tak, ya ƙirga shi amsa. Sai na naɗe hannu na ƙyale shi. Ya tambaya, ya sake tambaya, da ya cika adadin lambar nan sai ya rubuta cewa ya ajiye mabuɗi, ya rufe. Bai sake motsi ba.

Na yi sauri na duba yadda Yaya ya tsara nasa, don mai sa ido na iya ganin lambar. Uku ya sa. Na yi dariya, dariyar ta juye kuka. Haka aka koya mana tun muna ƙanana, in ka je ƙofar mutane ka yi sallama sau uku, in ba a amsa ba ka koma. Ashe ya gane amfanin akwatin, ya ba Maigadi tarbiyyar gidanmu.

Ke nan ba abin da ke riƙe da shi sai amsar Anti. Masu ƙera kayan sun ɗauka in mutum ya mutu wayarsa shiru za ta yi, shi ya sa ba su ga dalilin ɓata tawada ba. Ba su san akwai gidajen da ba a barin sallama ta faɗi ƙasa ba, ko daga bakin wa ta fito.

Na nemi izini a makaranta na koma Kalgo. A mota na yi ta shirya yadda zan faɗa mata, duk shirin ya watse da na ga fuskarta. Na faɗa mata kai tsaye.

Ta ce, "Wato ni ka riƙe da shi."

Na ce, "Ba ke ba ce, Anti. Laihin masu rubutun ne, da sun hwaɗi tun hwarko..."

Ta katse ni. "Yanzu mi kike son in yi? Ya yi sallama gidanai in ƙyale shi?"

Na ce sau uku kawai. Na ce in ba za ta iya ba ta ba ni wayar in tafi da ita Gwandu, in an gama in dawo mata da ita. Ta girgiza kai.

"In za a hana mai amsa, a hana mai gidanai, ina zaune. Ke dai kada ki tahi."

Rana ta farko da muka idar da la'asar ta ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne. Wayar ta yi ƙara, ta haska, ga sallamar. Na ga leɓɓan Anti na motsi. Ta dube ni a tsorace, na ce ba komai, na baki ba ya ƙirguwa. Muka zauna muna kallon wayar har hasken ya mutu. Ban taɓa sanin shiru na da nauyi haka ba. Daren nan tuwo ya kwana ba wanda ya taɓa.

Rana ta biyu wayar na yin ƙara sai ga sallama daga zaure, da murya sosai. Dukanmu muka daskare. Aka sake yi. Ba wadda ta iya buɗe baki a cikinmu. Sai ga kai ya leƙo, ashe Bafulatanar nan ce ta Wurogauri da ta saba kawo musu nono, ƙwarya a kanta. Ta ce, "Subhanalla, kuna ciki kunka yi shiru? Lahiya?" Anti ta ce lafiya, ta yi haƙuri. Matar ta sauke ƙwaryar ta auna mana nono tana satar kallonmu, ta yi ta'aziyya ta fita da sauri. Da ta tafi Anti ta ce, "Kin gani ko? Har masu rai mun hwara yi ma haka."

Rana ta uku hadari ya taso daga gabas, irin na ƙarshen damuna mai yawan iska da ƙarancin ruwa. Tsakar gida ta yi duhu-duhu, kaji suka shige akurki tun lokaci bai yi ba. Sallamar ta zo a kan lokacinta. Anti ba ta danne hannu ba wannan karon, ta rungume gwiwoyinta, hawaye na zuba ba ta share ba. Ni ma kuka nake yi. Na yi kewar Yaya a wannan yammacin fiye da ranar da aka fita da shi.

Na ɗauka shi ke nan. Har na fara naɗe tabarmata, rana ta kusa faɗuwa, sai wayar ta sake yin ƙara. Maigadi bai taɓa aiko saƙo sau biyu a rana ba. Anti ta riga ni ɗauka. Na karanta ta kafaɗarta.

"Sallama uku ba amsa. Hala ba kowa gidan ga. To ni na juya."

Nan take na gane daga ina ya fito. Cikin akwatunan da ba a yi bayaninsu ba akwai na rubutu, kuma a aikinmu in ka ga irinsa kana cika shi da duk abin da ya zo bakinka don ka ga ta inda zai ɓullo. Ni "gwaji" na rubuta a nawa, ban ma kula da inda ya ɓullo ba. Shi kuwa wannan ya rubuta, kuma na tabbata yana dariya lokacin da yake rubutawa. Na fara yi mata bayani, ina cewa wasa ne, tun yana da lafiya ya sa shi, bai san ma wa zai karanta ba. Ba ta jin abin da nake faɗa.

Ta share fuskar wayar da gefen hijabinta. Ta rubuta, "Wa alaikumus salam. Muna ciki." Ta aika. Ban hana ta ba. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana jira. Iska ta buga ƙyauren zaure, ta ɗaga kai ta duba, ta maido idonta kan wayar. Aka kira magariba ba abin da ya shigo, saƙon nata ma bai nuna ya isa ba.

Na ce, "Anti, ya kwanta. Abin da kika roƙa ke nan. Tashi mu yi salla."

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ya tahi shina zaton ba kowa."